Darasi: Jitar da ta ƙi riƙe saiti, daga ina za a fara gyara?

Assalamu alaikum, 'yan uwa makaɗa, barkanmu da warhaka daga nan Kaduna. Ga jita a kan tebur, ƙirar Stratocaster, irin ta gwanjo da ake kaɗawa a coci da wuraren biki. Ciwonta sananne ne: ka saita ta tsaf, ka lanƙwasa tsirkiyar G sau biyu, ta gudu.

Da an ga haka sai a ruga sayen sababbin kunnuwa, wato ƙarafan kan jita da ake murɗawa a saita tsirkiya. Ku riƙe kuɗinku tukuna. Giyar da ke cikin kunne ba kasafai take juyawa baya da kanta ba. Yawanci mai laifin shi ne matashi, ɗan farin nan na bakin wuya da tsirkiyoyi ke hawa, wanda muke ce wa nat. Ƙanena, matso da kyamara nan. Na saita G, na danna ta a bayan matashi, tsakaninsa da kunne, na saki. Kun ga allurar tiyuna, na'urar da ke nuna saitin tsirkiya? Ta hau, ta ƙi dawowa. Tsirkiya ta maƙale a tsaga ke nan. In kana murɗa kunne kana jin "ƙis", murya ta yi tsalle lokaci guda, shi ne dai.

Dalili: an yanka tsagar don tsirkiya mai lamba 9 zuwa 42, mai jita ya sa 10 zuwa 46 da suka fi kauri, ga ƙurar hunturu ta cike sauran wurin. Ɗauki guntun tsohuwar tsirkiya, naɗa mata sanfefa lamba 600, ka goga a tsagar. A nan ake ɓata aiki, don haka ku natsu. Gefe muke faɗaɗawa, ba zurfi muke ƙarawa ba. Hannunka ya karkata ƙasa ta wajen kunnuwa, domin wurin da ya fi tudu a tsagar dole ya zama bakin da ke kallon firet na farko (firet su ne ƙarafan da aka gitta a wuyan jita). In tudun ya koma tsakiya, za ka ji ziza a buɗaɗɗiyar tsirkiya, kuma kowane kod na farkon wuya zai fito a karkace. Goga uku, mayar da tsirkiya, gwada. Danna a firet na uku ka leƙa firet na farko: a bar rata kamar kaurin takarda. In ta kwanta a kai, ka zarce, sai sabon matashi. Da ka gama, goga bakin fensir 2B a kowace tsaga.

In matashin roba ne mai laushi, canza shi kawai. Bi gefensa da reza don kada fenti ya ɓalle, ka buga shi a hankali ta gefe ya fita. Auna tsawonsa, galibi wajen milimita 42 ne, ka duba ko gindinsa shimfiɗaɗɗe ne ko lanƙwasasshe, don iri biyu ake sayarwa. Akwai TUSQ XL na kamfanin Graph Tech, yana da santsi a jikinsa, muna da shi a shago ga mai so. Ni dai ƙashi na fi so, muryarsa a buɗaɗɗiyar tsirkiya ta fi kaifi. Ƙashin ƙafar saniya daga mahauta ya wadatar, amma a tafasa shi sosai kitse ya fita, a bar shi ya bushe makonni, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Gam ɗin katako ɗigo biyu ya isa. Kada a malala sufa gulu, wani zai zo cirewa wata rana.

To, yanzu kunnuwa. In suna girgiɗi ko sandarsu da tsirkiya ke naɗuwa a kai na rawa, sun cancanci canji. Kafin ka biya, cire ɗaya ka auna ramin. Na zamani milimita 10 ne, tsohon yayi bai kai 9 ba. In za ka faɗaɗa, da rima za ka yi, wato ƙarfen faɗaɗa rami, da hannu, kaɗan ta gaba kaɗan ta baya. Injin huda yana tsaga kan jita. Nemi mai giya 18:1, wato murɗa 18 kafin sanda ta zagaya sau ɗaya, saiti ya fi zuwa daidai. Masu kulle irin na Gotoh ko Sperzel, amfaninsu shi ne ba a tara naɗi: ka zura tsirkiya, ka ja ta miƙe, ka ɗaure kullen, ko zagaye ɗaya ba ta kaiwa. Da sifana 10 za ka ɗaure sabon kunnen a raminsa. Ɗaure a hankali, da ka ji ta tsaya ka bari. Ƙananan sukurorin baya kuwa, fara huda musu hanya da bakin milimita ɗaya da rabi, ka shafa musu sabulu. Katakon wuyan nan tauri gare shi, sukuru yana karyewa a ciki. Wanda bai da kuɗin masu kulle, ya yi naɗi biyu zuwa uku a masu kauri, huɗu a sirara, kowane a ƙarƙashin ɗan uwansa.

Mu sauko birij, farantin ƙarfen da ke riƙe da tsirkiyoyi a jikin jita. Sukurori shidan nan na gaba, mutane suna ɗaure su tamau, faranti ya kasa komawa mazauninsa bayan an ja sandar birij, wadda ake girgiza murya da ita. Sassauta su duka, sauko da biyun gefe har su taɓa faranti ba tare da sun danne shi ba, huɗun tsakiya ka ɗaga su kaɗan. In ba ka amfani da sanda ma, juya jita, ƙara sifirin su zama biyar, ko ka ɗaure sukurori biyun da ke riƙe da su har faranti ya kwanta a jiki. Ka kula da 'yar wayar da aka liƙa da dalma a wurin, ita ce at, wato wayar da ke hana ƙugi. In ta tsinke, ƙugi zai cika amfilifaya.

Tunda mun buɗe baya, dubi dunƙulen da sifirin ke kamawa. A jitoci masu araha siriri ne, na zinki. Mai kauri na baƙin ƙarfe yana ƙara wa murya jiki, ta ɗan daɗe tana amo. Bambancin ba mai yawa ba ne, kada wani ya ruɗe ku. Kuma a auna: daga sukurun farko zuwa na shida, wasu milimita 52 da rabi ne, wasu 56, ba sa shiga ramin juna. Wasu jitocin Squier jikinsu bai da kauri, dogon dunƙule zai leƙo waje, murfin baya ya ƙi rufuwa.

Sa sababbin tsirkiyoyi, jajja su har su daina sauka. Sai ka gwada firet na 12 da buɗaɗɗiyar tsirkiya a tiyuna, ya kamata allura ta tsaya wuri ɗaya. In na 12 ya haura, ja sirdin da tsirkiyar ke hawa a birij baya, tsirkiya ta ƙara tsawo. In ya gaza, tura shi gaba.

Ga gyaran murya na kyauta da ake mantawa: tsayin fikof, wato abin da ke ɗaukar muryar tsirkiya zuwa amfilifaya. Danna firet na ƙarshe, bar wajen milimita biyu da rabi a ɓangaren masu kauri, biyu a sirara. In ya matso da yawa, maganaɗisun yana jan tsirkiya, allurar tiyuna ta yi ta lilo, ka ɗauka birij ne ya lalace. Wanda ya sa hambaka (fikof mai naɗin waya biyu) a gurbin singil koyil (mai naɗi ɗaya) ya ji murya ta dushe, ya duba lambar da ke jikin maɓallin boliyum ɗinsa: 250k na singil ne, hambaka 500k yake so.

Wuya kuma yana motsi tsakanin damina da hunturu, musamman jitar da ke kwana kusa da taga ko a but ɗin mota. In tsirkiyoyi sun yi sama ko sun fara ziza da canjin yanayi, kada ka koma kan matashi da sanfefa. Sandar cikin wuya za ka murɗa, kwatan zagaye kawai, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. Yadda ake auna lanƙwasar wuyan, shi ne darasinmu na gaba.