Kan Sarkin Legas Yana Ina, Masu Tara Shi Suna Ina?

[Hoto: kan sarkin Legas na farko, an ƙara masa girma ya cika allo]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Ku dubi wannan 'yar takarda da kyau. A tsakiya kan Sarauniya Biktoriya ne ta juya gefe, a sama an rubuta LAGOS, a ƙasa kuma kuɗinta. Wannan shi ne kan sarki na farko da aka fitar da sunan garin nan, a shekarar 1874. Kamfanin De La Rue ne ya buga shi a Landan, aka loda shi a jirgin ruwa aka kawo. Jerin farkon ya taso daga na kwabo, ya bi ta na taro da na sisi, har zuwa na sule.

To, a ce yau mutum yana zaune a Agege ko Idi-Araba, ya ce shi yana son ya riƙe irin wannan a hannunsa. Ina zai nufa? Zai iya zaga kasuwar Balogun tun safe har la'asar bai samu ba. Babban gidan waya na Marina kuwa kan sarkin yanzu yake sayarwa. In da gaske yake, ƙarshenta waya zai ɗauka ya shiga intanet, kuma mai sayarwar da zai amsa masa, da wuya in ba a Ingila yake ba, ko Jamus, ko Amurka, ko can Ostireliya. Kan sarki na Legas, mai shi yana wata uwa duniya. Abin da ya sa haka, shi za mu bi yau.

Dalili na farko yana cikin aikin kan sarkin kansa. Ba don ya zauna aka yi shi ba. Kamar amarya yake, gidan da aka kai shi a nan yake tsufa, ba gidan da ya fito ba. Ka saye shi a Legas, ka manna a ambulan, ma'aikacin gidan waya ya doka masa hatimi, shi ke nan ya bar hannunka. Saboda haka in kana son sanin inda tsofaffin kan sarkin wani gari suke, tambayi inda wasiƙun garin suka riƙa zuwa.

[Hoto: taswira, layi ya taso daga Legas zuwa Libaful]

A zamanin Turawa, masu yawan rubuta wasiƙa daga nan su ne jami'an mulki, da 'yan mishan, da akawun kamfanoni irin su John Holt da UAC. Jiragen ruwan Elder Dempster ke ɗaukar buhunan wasiƙu daga Legas zuwa Libaful. Kowane odar kaya, kowane rahoto zuwa hedkwata, kowace gaisuwar da wani Bature ya aika wa uwarsa, da kan sarkinmu a jiki ta tafi. A can kuwa ta tarar da mutanen da tuni suka mai da tara kan sarki abin sha'awa. Ingila ce ta fara fitar da kan sarki a duniya, a 1840. Ƙungiyar masu tarawa ta Landan, wadda yau ake kira Royal Philatelic Society, an kafa ta a 1869, wato shekara biyar kafin Legas ta samu nata kan sarkin. Ambulan na sauka, yaron gida na jiran a ba shi.

Bayan 'yancin kai ma hanyar ba ta sauya ba, masu rubutun ne suka sauya. Dattawanmu da ke kallon wannan za su tuna yadda ake zama a rubuta wa Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki tun 1957, ko Muryar Jamus, ko Muryar Amurka, a yi tambaya a gaishe da 'yan uwa, sannan a kasa kunne ko za a ji suna. Duk waɗannan ambulan ɗin sun tafi Landan da Kolon da Washinton, ba su dawo ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu Hausawan Legas musamman. Mu da ma muna da namu gidan wayar. Ɗan kasuwar goro a Agege in zai aika saƙo Kano, sau da yawa ba ya bin layi a gidan waya. Zai sa a rubuta masa, da boko ko da ajami, ya naɗe, ya ba direban motar da za ta tashi da dare, ko wani ɗan garinsu da zai hau jirgin ƙasa. Daga baya ma kaset aka riƙa ɗauka, mutum ya zauna ya zayyana duk abin da ke ransa, a kai wa iyali su saurara. Saƙo yana isa lafiya, har da tsaraba, amma babu kan sarki a jiki. Inda da yawanmu suka fi sanin kan sarki shi ne a kan rasit da takardar cinikin gida ko fili, a manna shi a sa hannu a kansa a gaban shaidu.

Dalili na biyu shi ne tsari. Wannan sha'awa ba a yin ta mutum ɗaya a ɗaki, sai da ma'auni da kowa ya yarda da shi. Ingila na da kundin Stanley Gibbons, Amurka na da Scott, Jamus na da Michel, Faransa na da Yvert. Kowane kan sarki an ba shi lamba, an faɗi launinsa da shekararsa da ƙiyasin farashinsa. Mutum a Kanada zai ambaci lamba kawai, mutum a Niyu Zilan ya san abin da ake nufi. A kusa da waɗannan kundaye ne ƙungiyoyi da shaguna da gidajen gwanjo suka taso, babbar ƙungiyar Amurka tun 1886. Har akwai wata ƙungiya a Birtaniya, West Africa Study Circle, wadda aikinta kacokan nazarin kan sarki da tarihin gidan waya na yankinmu, tana fitar da mujalla mai suna Cameo. Za ka samu dattijo ɗan fansho a wani ƙauyen Ingila da ya san sifar hatimin Zungeru da na Lokoja fiye da jikokin mutanen da suka yi aiki a ofisoshin. Ni abin yana ba ni haushi kaɗan, amma ban ga laifinsa ba. Shi ya ajiye.

[Hoto: kan sarkin Najeriya ta Arewa, sannan na 1914]

Tunda mun ambaci Zungeru, bari mu ɗan tsaya a Arewa, don akwai abin mamaki. Najeriya ta Arewa ta yi nata kan sarkin daban daga 1900 zuwa 1914. Ku lura da shekarar farkon. An buga kan sarki da sunan Arewa, da hoton Biktoriya, tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Takarda ta riga bindiga. A 1904 kuma aka fitar da wani na fam 25, da hoton Sarki Edward na Bakwai. Fam 25 a lokacin! Ba wasiƙar da ke cin wannan kuɗi, don biyan kuɗin gwamnati a kan takardu aka yi shi, kuma kaɗan aka buga. Yau yana cikin mafi wuyar samu a duk kan sarkin ƙasashen da Ingila ta mallaka a Afirka, shi ya sa jabunsa ke yawo. Na Legas ya tsaya ne bayan an haɗe ta da Najeriya ta Kudu a 1906. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka fitar da na farko mai sunan Najeriya kaɗai, da hoton Sarki Joji na Biyar, wanda shi kansa gawurtaccen mai tara kan sarki ne.

In ni za a tambaya, jerin da ya fi kyau shi ne na 1953. Na kwabo yana da mahaya dawakin Borno, na ahu yana da gyaɗa, na taro yana da gadar Jebba, na sule goma fatu da ƙiraga, na fam guda kuma Legas, tsohuwa da sabuwa. Da aka koma naira da kwabo a 1973, sabon jerin ya zo da bikin kamun kifi na Argungu, da dajin Yankari, da gadar Eko. Duk wanda ya yi makaranta a shekarun nan ya lashi bayan ɗaya daga cikinsu.

Dalili na uku shi ne wanda kowane mazaunin Legas ya sani a jikinsa: danshi. Bayan kan sarki akwai danƙo, kuma danƙon nan ruwa yake jira. A watan Yuni da Yuli, lokacin da bango ke gumi, takalmi ke yin fumfuna a ƙarƙashin gado, sabon kan sarki da aka ajiye a cikin littafi zai manne da shafin da kansa. Wanda bai manne ba, sai ka ga ɗige-ɗige masu launin tsatsa sun fito masa, sun fara daga haƙoran gefe suna shiga ciki. Da zarar haka ta faru darajarsa ta faɗi. A Arewa iska a bushe take, amma can gara ce ke jira, ga hunturu da ke sa takarda ta nannaɗe ta tsage. Mai tarawa a Jamus bai san wannan yaƙin ba. Kada dai wani ya ce mu ba mu iya ajiye takarda ba. Malamanmu sun adana littattafan hannu a cikin gafaka shekaru aru-aru. Abin da muka ga yana da daraja mun kiyaye shi, ambulan ne ba mu ɗauka a bakin komai ba, shi ya sa ya ƙare a hannun mai ƙosai.

Sai na huɗu, a taƙaice. Cinikin kan sarki ta gidan waya ake yinsa, saboda haka ya fi bunƙasa a inda wasiƙa ke zuwa har ƙofar gida, kuma biyan kuɗi zuwa wata ƙasa ba ya zama aiki. Ga canjin dala. Abin da mutumin can zai saya da kuɗin shayinsa, a nan sai an yi lissafi.

Amma kada ku ɗauka taswirar a tsaye take. Ku dubi ƙasar Sin. A zamanin juyin al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an ɗauki tara kan sarki a matsayin ɗabi'ar 'yan jari-hujja. Bayan nan abin ya dawo da ƙarfinsa. Wani jan kan sarki mai hoton biri da suka fitar a 1980 a kan 'yan kwabbai, yau kuɗi ne mai kauri, kuma 'yan ƙasar ne da kansu suka ɗaga farashinsa, suna bin tsofaffin kan sarkinsu a gwanjon Turai suna mayarwa gida. Indiya ma tana da masu tarawa da yawa. Da mutanen ƙasa sun samu sukuni, sukan waiwayi tsofaffin takardunsu.

[Hoto: hannu yana buɗe tsohuwar adaka, ga ɗaurin wasiƙu]

Yanzu ga abin da ya sa nake so Hausawan Legas su kasa kunne. Wasiƙar da ta tafi Turai, suna da ita jibgi. Wadda ba su da ita sosai ita ce ta cikin gida: ambulan da aka jefa a Agege ko Ebute Metta zuwa wani ƙaramin gari a Katsina, ko wanda ya taso daga ƙauye ya zo wa wani mai gadi a Apapa, da hatimin ƙaramin ofishin da watakila an rufe shi tuni, wani lokaci har da sunan mai karɓa an ƙara da ajami a gefe. Masu binciken tarihin gidan waya irin wannan suke nema, don yana nuna hanyar da wasiƙa ta bi, da kwanakin da ta yi, da kuɗin da aka biya. Irinsa kuwa in ya tsira, a adakar kaka yake, ko a jakar takardun marigayi Alhaji.

In kun ci karo da shi, don Allah kada ku yage kan sarkin daga jikin ambulan. Rabin labarin yana kan ambulan ɗin, gaba da baya, don a baya ne ake doka hatimin garuruwan da ya ratsa. Kada ku sa masa salatif, kada ku kai a like shi da leda mai zafi kamar takardar shaidar makaranta, wannan kashe shi ne. In kan sarki ne shi kaɗai, a ɗauke shi da hantsaki mai faɗin baki, ba da yatsa ba, saboda maiƙon hannu.

Kuma bari in kwantar muku da hankali tun da wuri: yawancin tsofaffin kan sarki ba su da tsada. Miliyoyi aka buga. Mutane na jin labarin na Giyana ta Ingila na 1856, wanda aka sayar sama da dala miliyan 9 a 2014, sai kowa ya ɗauka nasa ma haka ne. Wancan guda ɗaya tak ya rage a duniya. Abin da ke sa farashi shi ne ƙarancin abu, da lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa. Haƙori ɗaya ya gutsure, kuɗi ya ragu. Ku yi hattara kuma da masu ƙyalli, masu hoton 'yan ƙwallo da motoci da sunan wata ƙasar Afirka a jiki. Da yawansu kamfanoni ne ke buga su a waje don masu tarawa kawai, wasu ma ba da izinin ƙasar ba, har Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya da ke Ban a Suwizalan takan fitar da gargaɗi a kansu.

Wanda zai ajiye nasa a nan Legas, ya samu kundi mai aljihuna, ya tsayar da shi a tsaye kada ya ɗora masa nauyi, ya nisanta shi da bango da ƙasa. A sa shi cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su in damina ta yi nisa. In rana ta yi sarari a buɗe kundin a inuwa, a juya shafukan ɗaya bayan ɗaya su sha iska. Wanda kuma yake son sayarwa, ya ɗauki hoton gaba da baya a haske mai kyau, ya nemi lambarsa a kundi irin na Stanley Gibbons, ya duba nawa aka sayar da irinsa a baya, ba nawa wani ya yi masa kuɗi ba, kafin ya amsa tayin kowa.