Ina kuɗin 'yan rabin aji suke maƙalewa?

Jama'a assalamu alaikum. Yau maganar 'yan rabin aji za mu yi, yaran nan 'yan shekara uku zuwa biyar da ba su isa aji ɗaya ba, waɗanda in uwa za ta fita kasuwa ko wajen aiki sai dai ta kai su wurin kaka ko maƙwabciya, wani gidan ma yayarsu ake hanawa zuwa makaranta ta zauna raino.

Da yawanmu mun ɗauka nazare sai ɗan mai kuɗi. To ba haka dokar Najeriya ta ce ba. A 2004 zamanin Obasanjo aka yi dokar ilimin bai ɗaya, ta ce duk shekara a ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a ba hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kuma kula da ƙananan yara kafin firamare yana cikin abin da ta lissafa. A 2013 manufar ilimi ta ƙasa ta ƙara shigar da shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya.

To ina matsalar take? Babban kaso na kuɗin nan ba haka kawai ake turo wa jiha ba, sai gwamna ya fara ajiye nashi kason daidai da wanda zai karɓa, in bai ajiye ba suna nan zaune a Abuja, shi ya sa kullum kuke jin UBEC na kukan biliyoyin naira sun taru jihohi ba su zo sun ɗauka ba. In ma an ɗauko, a rabon da aka daɗe ana bi kashi 5 kacal ne na 'yan rabin aji.

Abin da ya fi ci min rai kuma, kuɗin na gini ne da kujeru da kayan karatu, albashi ba ya ciki, wannan daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Sai a gina aji a shafe shi da fenti amma ba a ɗauki malama ba, hedimasta ya rasa yadda zai yi ya tara yaran cunkus a hannun mutum ɗaya, alhali yaro ɗan shekara huɗu sai da mai kai shi bayi, mai rarrashi, mai haƙurin yin waƙa da wasa da shi.

Ƙofar da ta rage wa mutanen unguwa ita ce kwamitin makaranta, SBMC, inda mai unguwa da iyaye mata suke da kujera. UBEC na da shirin da take tura tallafi kai tsaye asusun kwamitin, ku kuma ku sa naku, ko yashi ne ko aikin ƙarfi. Ku zauna da hedimasta ku rubuta buƙata, ta bi ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kuma don Allah tun a takardar farko ku sa maganar malama.