Sharhi: MTV3 Max da tseren motocin da ya koma na masu biya a Finlan

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya leƙa Finlan, ƙasa mai mutane wajen miliyan biyar da rabi a arewacin Turai, inda tseren motoci na Formula 1 ya zama tamkar abin gado. Keke Rosberg ya ɗauki kambun duniya a 1982, Mika Häkkinen ya ɗauka sau biyu a jere, 1998 da 1999. A zamanin Häkkinen, duk mai akwatin talabijin da eriya yakan kunna tashar MTV3 ranar Lahadi ya sha kallo, ba ya biyan tashar ko sisi.

A watan Nuwamban 2006 kamfanin MTV, mai tashar MTV3, ya buɗe tashar biya mai suna MTV3 Max. Lokacin ƙasar na shirin rufe tsohon tsarin watsa talabijin ta koma na dijital, aikin da aka yi a 2007, don haka dikoda ta shiga kusan kowane gida. Abin da ya rage kawai shi ne a ba mutum dalilin sayen kati ya zura a cikinta. Sai aka ɗauke tseren kai tsaye aka mayar da shi sabuwar tashar tun daga kakar 2007.

To, a wannan shekarar ce Kimi Räikkönen, wani direban ɗan Finlan, ya koma tawagar Ferrari. Ranar 21 ga Oktoba, a filin Interlagos na Brazil, ya shiga tseren ƙarshe yana na uku a teburi, Lewis Hamilton da Fernando Alonso suna gabansa. Ya zo na ɗaya, ya kammala da maki 110, su biyun kuwa 109 kowannensu. Maki ɗaya tak! Ga kamfanin MTV, kakarsa ta yanke saƙa. Amma ku dubi gidan da bai sayi kati ba, inda yaro ke jin ihun maƙwabta ta bango.

Wannan ne ke damuna. Kuɗin sayen izinin nuna Formula 1 ba ƙarami ba ne, kuma talla kaɗai da wuya ta biya shi a ƙasa mai ƙarancin jama'a haka. Ban musa ba. Sai dai wannan ƙauna da aka sa wa farashi, kallon kyauta na shekaru ne ya shuka ta. Dokar Finlan ta ware wasu wasanni, irin su Olamfik, da dole a nuna wa kowa kyauta. Formula 1 ba ya cikinsu, kuma a ganina ya cancanci shiga.

Daga baya tashar ta yi ta sauya riga: MTV Max a 2013, C More Max a 2017. Kamfanin sadarwa na Telia ya sayi MTV a 2019. Räikkönen ya yi ritaya a ƙarshen 2021, kuma daga kakar 2022 izinin nuna tseren ya koma hannun Viaplay, mai watsawa ta intanet. Sunan MTV Max ya dawo a 2023, ba tare da tseren da ya kafa tashar ba. Mutumin da ya sayi kati saboda Räikkönen, dole ya buɗe sabon asusu a wani kamfani in yana son ganin ɗan ƙasarsa Valtteri Bottas a kan hanya.