Cikin Mace, Ƙwaƙwalwarta da Masu Murɗa Ƙashin Baya

HADIZA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce, tare da Anti Rabi, wadda ta daɗe tana aikin ungozoma, da Malam Nura, likitan fisiyo. Saƙonni sun yi ta shigo mana kan wasu bidiyo da ke yawo a TikTok da Instagram. Za ka ga mace kwance a kan wani siririn gado a Amurka, mutum ya tallabo kanta ya murɗa wuya, ka ji ƙas! Sai ta tashi tana cewa kumburin ciki ya tafi, ciwon mara ya tafi, damuwa ta tafi, wai an buɗe hanyar da ke tsakanin hanjinta da ƙwaƙwalwa. Malam, da gaske akwai wannan hanya?

NURA: Hanya kam akwai ta, Hadiza, ba tatsuniya ba ce. A jikin bangon hanjinmu akwai ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100, su ke tafiyar da motsin hanji ba tare da jiran umarni daga sama ba. Sannan ga wata doguwar jijiya, bagus, da ta sauko daga ƙwaƙwalwa har ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na zarurrukanta saƙo suke kaiwa sama, daga kayan ciki zuwa ƙwaƙwalwa. Wato ciki ya fi ba da labari a kan karɓar umarni.

RABI: Shi ya sa yarinya ranar jarrabawa za ta yi ta zarya banɗaki alhali ba ta ci komai ba.

NURA: Haka ne, Anti. Kuma a ɗaya ɓangaren, hanjin da ya daɗe yana ciwo yana jawo rashin barci da ƙunci. A 2016 ma ƙwararrun da ke tsara ƙa'idojin Rome na cututtukan ciki sun sauya wa rukunin waɗannan larurori suna, suka koma kiransu matsalolin mu'amala tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce IBS, wato ciwon ciki mai tafiya yana dawowa, tare da kumburi da gudawa ko taurin bayan gida.

HADIZA: Na kuma ji suna cewa sinadarin farin ciki duk a hanji ake yinsa.

NURA: Sirotonin ke nan. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji ake samar da shi, gaskiya ne. Amma na hanji ba ya tsallakawa ya shiga ƙwaƙwalwa, aikinsa a can ƙasa yake, motsa hanji da sanar da jijiyoyi abin da ke faruwa. Ƙwaƙwalwa nata take yi da kanta.

HADIZA: Anti, me ya sa abin ya fi kama mu mata?

RABI: 'Yata, jikin mace ba ya zama wuri ɗaya a cikin wata. Bayan fitar ƙwai sinadarin furojestaron yana hauhawa, shi kuma yana sa hanji ya yi nawa, sai bayan gida ya yi tauri, ciki ya cika da iska. Mai juna biyu ta fi kowa sanin wannan. Da jini ya zo kuma, sinadaran da ke matsa mahaifa don ta zubar da shi suna taɓa hanji, sai ki ga gudawa a rana ta farko ko ta biyu. Wadda dama hanjinta ke da saurin jin ciwo, a kwanakin nan abin yake tsananta. A yawancin ƙasashen da aka yi bincike, mata sun fi maza yawa a cikin masu IBS.

Amma abin da ke ci min rai daban ne. Mace za ta zo min da leda cike da kwalaben maganin olsa, farin nan mai kauri, ta shekara tana sha daga kemis. Da safe cikinta lafiya lau. Kafin la'asar sai ta sassauta ɗaurin zani, ciki ya fito kamar na mai wata biyar, har maƙwabta na yi mata barka. Ta je asibiti, an yi hoto, an ce ba a ga komai ba, ki rage tunani. Ta koma gida miji yana mata kallon mai raki. Wallahi ciwon nan na gaske ne! Jijiyoyin hanjinta ne ke kai saƙon ciwo da ƙarfi fiye da kima, kuma hoto ba ya nuna wannan.

HADIZA: To wadda aka sallama haka, in ta ga mai cewa zai gyara ta da hannu, ai dole ta saurara.

RABI: Dole mana. Ba na ganin laifinta ko kaɗan.

HADIZA: Malam, su waye masu wannan aiki? Kamar masu ɗorinmu ne?

NURA: Da bambanci. Mai ɗori karaya da targaɗe ya sani, ba ya ce miki zai warkar da hanji. Wannan kuwa, kayirofaraktik, wani mutum ne mai suna D. D. Palmer ya fara shi a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka. Ya ce ya danna bayan wani mai sharar gini, Harvey Lillard, wanda ba ya ji sosai, jinsa ya dawo. Daga nan ya gina ra'ayin cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke, suna danne jijiya. Yau a Amurka da Kanada da Ingila sana'a ce mai lasisi da makarantu, kuma da yawa cikin masu yinta sun ajiye wancan ra'ayi sun tsaya kan ciwon baya. Hukumar da ke kula da su a Birtaniya da kanta ta faɗa a 2010 cewa babu hujjar bincike da ta nuna wannan gocewa tana haddasa cuta.

HADIZA: Amma suna cewa jijiyar bagus suke saki.

NURA: A nan maganar take rushewa. Bagus ba ta bi ta cikin ƙashin baya ba. Ta wata kafa a gindin ƙoƙon kai take fitowa, ta sauko ta gefen wuya kusa da babbar jijiyar jini, ta ratsa ƙirji zuwa ciki. Akwai dai wasu jijiyoyin hanji da ke fitowa daga laka, shi ya sa wanda ya samu mummunan rauni a baya yake fama da bayan gida. Amma wannan rauni ne na gaske, na haɗarin mota ko faɗowa. Babu ingantaccen binciken da ya nuna murɗa bayan mai lafiya yana magance IBS. Ciwon mara ma, a 2006 cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta tattara binciken da aka yi a kai, ba ta ga murɗa baya ya fi taɓawar da aka yi da sunan magani kawai ba. Inda yake da ɗan amfani shi ne ciwon ƙasan baya, kwatankwacin motsa jiki da gashin ƙashi.

HADIZA: To matan cikin bidiyon ƙarya suke yi?

NURA: Ba na zaton haka. An zaunar da ita, an saurare ta, an taɓa inda ke mata ciwo. A gwaje-gwajen IBS, fiye da mutum 1 cikin 3 kan ji sauƙi ko da ƙwayar da ba magani a cikinta aka ba su. Wannan ma aikin ƙwaƙwalwa da hanji ne. Sai dai wuya ba wurin wasa ba ne. Ba kasafai ba, amma murɗa shi da ƙarfi an danganta shi da yagewar jijiyar jini da shanyewar ɓarin jiki. Uwar da al'ada ta ɗauke mata, ƙashinta ya yi rauni, kada ta yarda a danna mata baya da ƙarfi.

HADIZA: Me ke aiki ke nan?

NURA: Abinci na farko. Jami'ar Monash a Ostireliya ta nuna wasu abinci suna tsima a hanji su tara iska: wake, albasa, tafarnuwa, alkama, madara ga wasu. Ana janye su na 'yan makonni, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya don a gane mai laifin. Ba har abada ake bari ba. Sai tafiya a ƙafa da isasshen barci. Zama da likitan halayyar ɗan Adam yana rage ciwon hanjin kansa, an gwada an gani. Akwai kuma maganin amitiriftilin ɗan kaɗan, wanda wani babban gwaji a Ingila ya nuna amfaninsa a 2023, amma likita ne zai rubuta.

RABI: Ni kuma roƙona, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, me kika ci, kwana nawa ya rage jini ya zo. Ki kai wa likita. Domin ba kowane ciwon ciki ne IBS ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da endometiriyosis, inda irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, har a jikin hanji. Mata na yin shekaru ana ba su maganin ciki. In ciwon na bin al'ada, ko kina jin zafi lokacin kwanciyar aure, ki faɗa ba kunya, a tura ki wurin likitan mata. In kuwa olsar ce da gaske, a gwada ki a ga ko ƙwayar cutar H. pylori ce, tana da maganinta.

HADIZA: Wace alama ce ba a jira da ita?

RABI: Jini a bayan gida ko ya fito baƙi, rama ba dalili, ƙarancin jini, ciwon da ke tashinki daga barci, ko kumburin da ya zauna kullum ba ya sauka, musamman ga wadda ta haura shekara 50. Wannan asibiti za a nufa a cikin makon, ba kemis ba.

HADIZA: Mun gode, Anti. Malam, Allah Ya saka da alheri. Masu sauraro, ku ci gaba da turo tambayoyinku, mako mai zuwa za mu ɗauko ciwon baya bayan haihuwa. Mu kwana lafiya.