Wa ya koma ya duba bayan an gama tafi? Lacca kan kamfen hana kashe kai da aikin ƙugu

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo, kamfen hana kashe kai a kafafen yaɗa labarai, sai aikin tiyatar ƙugu, na ukun in mun kai za ku ji. Na ga Hajiya tana kallona, wai me ya haɗa kifi da kaska (dariya). Tambaya ɗaya ce ta haɗa su Hajiya, bayan an gama tafi, wa ya koma ya duba ko abin ya yi aiki?

Kun san yadda ake yi. Ranar 10 ga Satumba ta zo, wato ranar hana kashe kai ta duniya, a kafa allo a Ahmadu Bello Way, a raba riguna, a sa sanarwa a rediyo, a hau Facebook, sai a rubuta rahoto wai mutum kaza sun gani. To sun gani, sai me? Gani ai ba ci ba ne. Wanda ke cikin ƙunci ya je asibiti? Adadin masu mutuwa ya sauka? Nan za ka ji tsit.

Kuma magana kan iya yin ɓarna. Tun 1974 wani mai bincike a Amurka, David Phillips, ya nuna in jarida ta kambama labarin wanda ya kashe kansa, adadin yakan ƙaru bayan haka. Amma wanda ni ya fi burge ni, ɗalibaina sun gaji da jin sa wallahi, shi ne na Viyana ta Ostiriya. Mutane na ta hallaka kansu a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, jaridu na ta bugawa, sai a 1987 ƙwararru suka fitar wa 'yan jarida da ƙa'idoji, a daina sawa a shafin farko, a daina bayanin yadda aka yi. Cikin 'yan watanni abin ya sauka da wajen kashi uku cikin huɗu. Ba riga, ba allo. Me ya sa muka sani? Don suna da ƙidaya kafin, suna da ƙidaya bayan. Kafin da bayan, ku rubuta wannan, kai mai jar hula na ga waya kake dannawa (dariya). A 2010 kuma wani likita can Viyanan, sunansa sai ya karya mini harshe, Niederkrotenthaler, ya gano labarin wanda ya shiga ƙunci ya nemi taimako ya fita, shi ne ke tafiya da raguwar adadin.

Mu nan ƙidayar ce matsalar. Iyali za su ce zazzaɓi ne saboda kunya, ga Penal Code, dokar laifuffuka ta Arewa, ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi har da ɗauri, to wa zai kai kansa a rubuta?

Na uku... a'a na biyu ne ko? Lokaci ya tafi, bari in yi sauri. Aikin ƙugun nan, maimakon a yanke kan ƙashin cinya gaba ɗaya, gyara shi ake yi a sa masa hular ƙarfe, ramin da kan ƙashin ke shiga shi ma a shimfiɗa masa ƙarfe. Wani likitan ƙashi, Derek McMinn na Birmingham, ya fito da nasa samfurin ƙarfen a 1997, ɗan wasan tanis Andy Murray an yi masa a Janairun 2019, kafin shekara ta ƙare ya ci kofi. Sai dai wani samfuri, ASR na kamfanin DePuy, an janye shi a 2010 bayan an sa wa mutum wajen 93,000, ƙarfe na gogar ƙarfe, ɓurɓushi na shiga jini. Rajistar Ingila, wato kundin da ake rubuta waɗanda aka yi wa irin wannan aiki a bi diddiginsu, ita ce ta nuna kusan kashi 12 cikin 100 sai da aka sake musu aiki cikin shekara biyar. Rajista ta kuma nuna maza masu babban ƙashi ya fi karɓa, mata ba sosai ba. Ga masu sikilarmu da ƙugu ke lalacewa tun suna matasa...

(Wani matashi ya ɗaga hannu: Malam, abokina yana yawan cewa ya gaji da rayuwa, in na tambaye shi ba zan sa masa abin a rai ba?)

A'a ɗana, tambaya ba ta sawa. Ka zaunar da shi ku biyu, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ka yi shiru ka saurara, kar ka fara da wa'azin wuta, ya riga ya san haramun ne. Kar a bar shi shi kaɗai, a ɗauke duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sanar da wani babba da ya yarda da shi, ku raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ba sai mutum yana jifa ake zuwa can ba. In an tashi ka tsaya ka same ni a bakin ƙofa.