Masara mai zaƙi: wane wata ya dace a shuka ta a Damagaram?

Ku ɗauka ga goyon masara guda biyu a gabanku, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Iri ɗaya ne, daga lambu ɗaya a Mirriya, mutum ɗaya ya ba su ruwa. Na dama ya cika fal har baki. Na hagu kuwa duk giɓi, kamar bakin yaron da ke famfara. An shuka na dama a Nuwamba, na hagu a tsakiyar Fabrairu.

Sirrin yana cikin gemu. Kowane silin gemun masara yana haɗe da ƙwaya guda. Sai garin furen da ke saman kara ya faɗo a kan silin nan kafin ƙwayar ta samu. Silin da bai samu gari ba, gurbinsa zai tashi fayau. To, garin nan ba ya jure zafi. Da zarar an haura digiri 35, musamman in iska ta bushe, yakan mutu da wuri, gemun ma ya ƙeƙashe. Ku kuwa kun san bazarar Damagaram, a Afrilu da Mayu digiri 40 ba labari ba ne.

Masara mai zaƙi takan yi fure kwana 50 zuwa 60 bayan shuka, gwargwadon iri. Saboda haka kafin ka zuba iri, ƙirga gaba da wata biyu, ka ga inda furen zai faɗa. Wanda ya shuka a Fabrairu ya kai furensa cikin tsakiyar wuta. Kuma ko ka kwana kana ban ruwa, ruwan ba zai rayar da garin da rana ta kashe ba.

Ga mai noman rani, a ganina daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi. Ƙasa na da sauran ɗumi, iri ya tsiro da sauri, fure kuma ya zo cikin sanyi. Shukar tsakiyar ɗari takan yi nawar tsiro, barin ma irin nan mai tsananin zaƙi da ƙwayarsa ke a yamutse, shi yana son ƙasa ta kai kamar digiri 16.

Da damina kuwa, a shuka da zarar ruwa ya zauna. Wanda ya bari sai Agusta, ruwa zai ɗauke masa masara tana goyo, ga tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016 ta riga ta yi yawa.

Af, in maƙwabcinka na da masarar gida, ku bambanta shuka da aƙalla mako biyu. Garinta in ya hau gemun taka, zaƙin ya tafi.

Saura girbi. Kamar kwana 20 bayan fitowar gemu, ka ɓare ganyen kaɗan, ka danna ƙwaya da farce. In ruwa fari kamar madara ya tsarto, ta yi. A lokacin sanyi za ta jira ka ƴan kwanaki a kan kara. Cikin zafi kuwa kwana ɗaya ko biyu ne, sai ta fara tauri. Bayan an karye ma haka: wasu irin, a digiri 30, kusan rabin sukarinsu kan koma sitaci cikin awa 24. Shi ya sa mai kai ta Kasuwar Dole ta Damagaram yake karya bayan sallar asuba, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu.