Allura, Tagulla da Gidajen Talakawa: Lacca kan Zanen Amurka na Ƙarni na 19

Jama'a, barkanmu da warhaka. Abubuwa uku na yi niyyar kawowa: yadda ake zanen da ake kira "etching" da Turanci, wato zanen da ake karcewa a farantin tagulla a buga a takarda, waɗanda suka yi shi, da dalilin da ya sa suka fi karkata ga gidajen talakawa.

Na farko, yadda ake yinsa. Mai zane zai samu farantin tagulla, ya shafe shi da kaki, ya turara shi da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi, sa'an nan ya ɗauki allura ya riƙa karce kakin, ba ƙarfen ba. Daga nan sai a tsoma farantin a ruwan asid, wanda zai ci duk inda allura ta buɗe, ya bar inda kaki ya rufe. A wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a matse a inji. Ku riƙe wannan: abin da ke dama a faranti, a hagu yake fitowa a takarda.

A 1877 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a birnin New York, wata kuma ta biyo baya a Philadelphia a 1880. Stephen Parrish, mutumin Philadelphia, ya yi suna da zanen gidajen masunta na Cape Ann, wani yanki a bakin teku a jihar Massachusetts. To, amma wadda nake so in tsaya a kanta ita ce Mary Nimmo Moran.

An haife ta a Scotland a 1842, aka kawo ta Amurka tana yarinya, ta auri Thomas Moran, wanda ya shahara da manyan zanukan duwatsun Yellowstone da ke yammacin Amurka. Maigida yana can yana zana tsaunuka, ita kuwa, da ta fara wannan aiki a 1879, sai ta zaɓi abin da ke bakin ƙofa. Malamai, ku lura da yadda take aiki, domin nan ne abin ya fi taɓa ni. Sau da yawa ba ta fara gwadawa a takarda. Farantin take ɗauka ta fita da shi waje, ta zauna gaban abin da take kallo, ta karce kai tsaye. Na ce ta fita da shi waje! A East Hampton, wani ƙauye a tsibirin Long Island, ta zana tafkin tsakiyar gari, da hanyoyin yashi, da injinan niƙa masu aiki da iska, da gidajen katako da suka sha ruwa da rana. Na taɓa sa gilashin ƙara girma a kan hoton ɗaya daga cikinsu, na ga yadda ta jera layuka masu kauri a jikin itatuwa, ta bar sararin sama kusan fari fat. Hannunta da ƙarfi yake. Takan sa hannu da "M. Nimmo Moran", har wasu suka zaci namiji ne. A 1881 ƙungiyar masu wannan zane ta Landan ta karɓe ta, ita kaɗai mace cikin mambobin farko.

Na biyu, a'a, na uku ke nan, lokaci ya ja: dalilin karkata ga gidajen talakawa. Faranti ɗaya yana fitar da kwafi da yawa, saboda haka malamin makaranta ko mai kanti yana iya sayen hoto na asali ya rataya a ɗakinsa, hoton gida irin wanda ya tashi a ciki, a daidai lokacin da masana'antu ke janye mutane zuwa birane.

Hajiya a baya tana tambaya me ya kashe kasuwar wannan zane. Hajiya, abu biyu ne. 'Yan kasuwa sun cika ta da manyan zanuka na gaggawa, sa'an nan hanyoyin buga hoton kyamara suka yi arha wajen shekarun 1890. Ita kuwa Mary, ta yi jinyar 'yarta Ruth da ta kamu da taifot, 'yar ta warke, cutar ta kama uwar, ta rasu a 1899. An binne ta a East Hampton, kusa da tafkin nan da ta zana.